Tsofaffin littattafai a hannun yaran Zariya

Duk malamin Hausa da ya daɗe yana koyar da adabi a sakandare ya saba da jin wannan magana: "Malam, littafin nan ba daɗi." Sau da yawa tun ba a buɗe shafin farko ba ake faɗinta. A wani gari da sauƙi, amma a Zariya abin yakan tsaya mini a rai, domin yawancin littattafan da ake yi wa wannan hukunci a nan aka yanke musu cibiya.

A 1933 ne Hukumar Talifi, ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai, aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sannan Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina aka kawo shi Zariya a 1936 ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Kamfanin Gaskiya ya kafu a Tukur-Tukur a 1945, kamfanin buga littattafai na Arewa, NNPC, kuma ya biyo baya a 1966 ya ci gaba da buga waɗannan littattafai. Yaro zai wuce ta wurin a Keke Napep kullum, bai san cewa daga nan abin da yake ƙorafi a kansa ya fito ba.

Abokan aikina sukan ce tilas ce ke kashe daɗin littafi, wai duk abin da aka sa a manhaja ya zama magani mai ɗaci. Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Magana Jari Ce tun asali don makaranta aka rubuta shi, don 'yan boko su sami abin karantawa da harshensu, kuma iyayenmu da suka karanta shi a aji har yau suna ba da labarin aku da Waziri suna dariya. Abin da ya canja shi ne yadda yaro ke haɗuwa da littafin. A ajin da na fi sani, ɗalibai kaɗan ne ke riƙe da littafin kansa. Sauran suna da 'yar takardar taƙaitawa da aka yi wa fotokwafi a Sabon Gari ko a bakin Samaru: sunan marubuci, jigo, zubi da tsari, jerin taurari. Da wannan za a iya amsa tambayar WAEC ko NECO, amma Malam Zurƙe ɗan Muhamman na cikin Ruwan Bagaja ba ya ba da dariya a cikin jerin sunaye.

Da na koma karantawa a bayyane, ni na fara, sannan littafin ya zaga hannu zuwa hannu, sai na gane ashe rubutun Imam na kunne ne. Jimlolinsa suna da numfashin mai ba da labari a zaure. Yaran da ke kwance kan benci suka tashi zaune. Daga nan ne kuma ra'ayoyi suka fara fitowa, kuma a nan na fi ƙaruwa.

Jiki Magayi ya fi kowanne tayar da gardama. Mai dukiya, Malam Shehu, ya raba Abubakar da Zainabu, shi kuma Abubakar ya shiga duniya neman asirin da zai rama da shi, asirin ya faɗa kan ɗan da Zainabu ta haifa wa Malam Shehu, Kyauta, ya lalace ya zama ɓarawo. Takardar taƙaitawa ta ce jigon shi ne ramuwar gayya, shi ke nan. Wata yarinya da ke zama a layin baya, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to shi Kyauta me ya yi? Manya sun yi rigimarsu, yaro ya biya." Aji ya kaure. Samari suka tsaya wa Abubakar, wai an ci masa mutunci a gaban gari. 'Yan mata suka ce duk littafin maza ne ke yanke shawara a kan Zainabu, ita kuwa ana miƙa ta daga hannu zuwa hannu. Wani ya ce ai ita ma ta ga kuɗi. Aka buga ƙararrawa ba wanda ya motsa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan maganganu a cikin abin da mai jarrabawa zai tambaya, amma duk wanda ya shiga gardamar nan bai ƙara manta sunan ko tauraro ɗaya ba.

Ruwan Bagaja kuwa wani yaro ne ya yi masa fashin baƙin da ban shirya masa ba. Ya ce shi a ganinsa Alhaji Imam, tauraron littafin, ɗan damfara ne kawai da sa'a ta bi, kuma da a Tudun Wada ya yi rabin abin da ya yi a littafin da tuni yana hannun 'yan sanda. Na ce ya kawo hujja daga cikin littafin. Ya kawo, har da shafi. Na ba shi makinsa.

Shaihu Umar shi ne wanda nake shan wahalar sayarwa. Tafiyarsa a hankali take, babu barkwanci, kuma shi Umar ɗin nagartarsa ta yi yawa har ba ka da abin kamawa. Ni kaina a cikin biyar ɗin nan ba shi nake fara ɗauka ba in don nishaɗi ne. Amma in aka kai wurin mahaifiyarsa, wadda ta bar gida ta bi sahara tana neman ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, sai ajin ya yi tsit. Yawancinsu ba su taɓa jin cewa an yi fataucin mutane daga ƙasar Hausa zuwa ƙasashen Larabawa ba, sai a nan.

Wani abin da aikin ya nuna mini, wanda ba kowa ke son ji ba a ɗakin malamai: 'yan matan da ake kamawa da littattafan soyayya a cikin jaka, ko suna karanta su a waya, su ne suka fi kowa iya karatun Hausa. Ba sa tuntuɓe a jimla, sun san inda labari ya yi sanyi, sun san marubucin da ke jan zance don cika shafi. Idon da suka wasa a can shi suke kawowa kan Imam da Tafida. Hana su wancan ba zai sa su so wannan ba.

Na taɓa kai wannan zance wurin wani tsohon malaminmu da ya yi ritaya, yana zaune a ƙofar gidansa cikin birni. Ya ce yaran yanzu ba su da ladabin karatu, a zamaninsu wa ya isa ya ce littafin Imam ba daɗi? Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ku a zaure aka karanta muku shi da fitila, ana dariya. Su kuwa a takarda guda suka same shi, an ce su haddace." Ya yi murmushi ya ce duk da haka. Na lura kuma da cewa in yana yabon littafin, rabin yabon na ƙuruciyarsa ne da abokansa da suka rasu. Ban ga laifinsa ba, sai dai ba zan iya shiga aji da wannan a matsayin hujja ba.

Akwai ƙorafin yaran da yake gaskiya tsagwaronta. Hausar littattafan ta tsufa a wasu wurare: kayan yaƙi, sarautu, kuɗin da, sunayen tufafi. Yaron da ya tashi a Sabon Gari yana cakuɗa Hausa da Turanci yana buƙatar a tsaya a yi masa bayani, kuma zangon karatu ba ya jira. Don haka ba na iya karanta kowane littafi daga farko har ƙarshe a aji. Nakan zaɓi babi uku ko huɗu mu karanta da murya, sauran in raba su ƙungiya-ƙungiya, kowace ƙungiya da kwafi ɗaya da ke kwana a gidan wani daban kowane dare. Makonni biyun ƙarshe kuwa na tsofaffin tambayoyin jarrabawa ne, mu koma kan jigo da salo da zubi da tsari kamar kowa, domin sakamakon da iyaye za su gani ke nan.