Mai son binciken zafin ciwo, daga ina zai fara a Legas?

Tun da na fara aiki a wani ɗakin bincike nan Idi-Araba, tambaya ɗaya ƙannenmu na Agege masu gama digiri a ilimin aikin jiki ko haɗa magunguna suke turo mini: "Yaya, ta ina ake samun hanyar fita waje?" Da wuya ka ji wanda ya ce me ya kamata ya iya kafin ya nemi hanyar. Ni dai abin da na ɗan sani shi ne yadda jijiya ke gane zafin ciwo, don haka a kansa zan tsaya.

Kawuna attarugu yake sayarwa a kasuwar Mile 12. Ranar da mota ta sauke kaya daga Arewa, yini yake yana tsince ruɓaɓɓu da hannu, da magariba yatsunsa sun yi ja suna raɗaɗi, in ya manta ya sosa ido kuwa sai salati. Ya taɓa ce mini, "Kai ɗan boko, abin da ba wuta ba, me ya sa yake ƙuna?" Na ce, Kawu, a wajen jijiyarka wuta ce. A bakin jijiyoyin da ke cikin fata akwai wata ƙaramar ƙofa da ake kira TRPV1. Zafi in ya haura digiri 43 a ma'aunin Salsiyos sai ta buɗe, gishirin da ke wajen jijiyar ya kwarara ciki, saƙo ya tashi zuwa laka, daga nan ya hau ƙwaƙwalwa. Sinadarin barkono, kafsaisin, wannan ƙofar yake buɗewa, ƙwaƙwalwa kuma ba ta da yadda za ta bambance shi da ruwan zafi. Shi ya sa mai cin yaji ke gumi. Tsuntsaye tasu ƙofar ba ta jin kafsaisin, sai su cinye barkono hankali kwance.

Jijiyoyin ma iri biyu ne. In ka yi tuntuɓe, zafin farko mai kaifi masu saurin ne suka kawo shi, sannan bayan ɗan lokaci zugi ya biyo ta sirara marasa rufi, waɗanda saƙonsu ke tafiyar kusan mita ɗaya a daƙiƙa.

Ɗakin binciken David Julius a San Faransisko ne ya gano TRPV1 a 1997. A 2010 na Ardem Patapoutian ya gano Piezo1 da Piezo2, ƙofofin da ke jin taɓawa da matsi. Su biyun suka raba kyautar Nobel ta 2021. Amma abin da nake so ƙannena su lura da shi, wa ya zauna a kan benci? A aikin Julius, Michael Caterina ne, matashi mai neman ƙwarewa a ƙarƙashinsa. A na Patapoutian, Bertrand Coste ne ya riƙa kashe ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya, yana zungurar tantanin halitta da siririn tsinken gilashi yana duba ko zai amsa. Guda 71 ba su ba shi komai ba, sai a na 72 tantanin ya yi shiru, alamar ita ce ke sa shi jin taɓawa. Farfesa a ko'ina yake, hannu irin wannan yake nema: mai haƙuri, wanda ya iya aiki ɗaya ƙwarai, yake kuma rubuta sakamakon yadda ya fito ko da bai yi masa daɗi ba.

A nan Legas gaskiya na'urar auna wutar jijiya guda ɗaya ba abin da matashi zai sa rai da taɓawa ba ne cikin sauƙi. Sinadarai da dala ake sayo su, su yi watanni a hanya. Akwai daren da wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, da safe muka tarar samfurin da muka tara a firiza ya narke. Duk da haka ban yarda da masu cewa sai an fita ake fara bincike ba.

Dubi ƙananan ƙudajen nan da ke bin ruɓaɓɓiyar ayaba. Cikin kwana goma suke hayayyafa, abincinsu garin masara da yis, kwalabe kaɗan sun ishe su. In ka taɓa tsutsarsu da ƙarfe mai zafi sai ta riƙa mirginawa, kuma da wannan mirginawar ce a 2003 Dan Tracey da abokan aikinsa suka gano ƙwayar gadon da in ta lalace tsutsar ba ta saurin amsa zafi. 'Yar dangin TRPV1 ce. Ƙungiyar TReND in Africa tun 2011 take koya wa matasan Afirka aiki da ƙudan nan, akwai kuma cibiyar horarwa a kansa a Ibadan. A Damaturu, Dakta Mahmoud Bukar Maina ya kafa cibiyar bincike da horo ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe a 2021, suna yin kwasa-kwasan horo. Na kan yi dariya in ɗan Arewa ya ce mini Ingila yake hange alhali bai taɓa jin labarin Damaturu ba.

Sauran hanyoyin samun horo da tallafi a taƙaice: IBRO, ƙungiyar duniya ta binciken ƙwaƙwalwa, tana shirya makarantun ilimin ƙwaƙwalwa na 'yan makonni a ƙasashen Afirka, tana kuma ba da tallafin tafiya, akwai taron SONA, ƙungiyar masana ƙwaƙwalwa ta Afirka, da na takwararta ta Najeriya, IASP, ƙungiyar duniya ta nazarin ciwo, tana da tallafi ga masu tasowa. Tallafin karatu na DAAD ta Jamus da na Commonwealth kuwa kowa ya san su.

Abin da ya fi damuna shi ne muna zaune kan tambaya muna neman ta wasu. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini, ana ƙiyasin jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara, kuma cibiyar sikila ta ƙasa tana nan Idi-Araba, daura da asibitin koyarwa. Duk wanda ya taɓa jinyar mai sikila ya san ba toshewar jini ce kaɗai ba. Wata maƙwabciyarmu, da zarar ruwan damina ya taɓa ta ko iskar fanka ta yi yawa, sai ta duƙunƙune tana cewa ƙasusuwanta ake sara. A Amurka an nuna a jikin ɓeraye masu sikila cewa jijiyoyin zafinsu sun fi na sauran saurin tashi, har da hannun TRPV1 a ciki. Ɓerayen suna can, mutanen suna nan, suna magana da Hausa da Yarabanci da Ibo. Wanda ya iya zama da majiyyaci cikin harshensa, ya auna yadda fatarsa ke jin sanyi da matsi bisa tsari, da izinin kwamitin ɗa'a da yardar majiyyacin, yana riƙe da abin da babban ɗakin bincike na waje ba shi da shi. Gano muhimmancin wata ƙofar jijiyar zafi mai suna Nav1.7 a 2006 ma daga labarin wani yaro a arewacin Pakistan ya faro, mai taka garwashi a titi ba ya jin komai. Likitoci ne suka bi sawun iyalai masu irin lalurarsa. 'Yar'uwarta Nav1.8 kuma ita ce sabon maganin suzetrigine ke toshewa, wanda Amurka ta amince da shi a Janairun 2025, ba ya cikin dangin su tiramadol.

Saura wasiƙa. Ƙannena sukan rubuta guda ɗaya mai cike da kirari su watsa wa farfesoshi barkatai, su zauna jiran amsa. Ka zaɓi mutum ɗaya, ka karanta takardarsa ta baya-bayan nan har ƙarshe, ka faɗi gwajin da ya ja hankalinka da dalili. Sannan ka faɗi abin da hannunka ya iya, ko kiwon ƙuda ne, ko yanka nama siriri a duba a madubin ƙara girma, ko lissafi da manhajar R a kwamfuta. Kada ta wuce rabin shafi. In mako biyu ya wuce shiru, ka sake tuntuɓa sau ɗaya, sannan ka koma kan na gaba.