Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hantsakin Gwaggo

Makon jiya na tsaya a ranar da aka mayar da ni sashen masu ciwon ido, kuma na yi alkawarin yau zan ba da labarin zuwana Bamako. Sai dai ranar Juma'ar da ta wuce, a wajen sunan jikar Yaya a Bagalam, an sake tayar da maganar idon Gwaggo da aikin da na yi mata a gabana, cikin mutane, saboda haka Bamako sai ta jira.

Wanda ya koya mini aikin ido wani tsohon majar ne, wato shugaban ma'aikatan jinya na sashen, Bagobiri daga wajen Tibiri, Allah ya jiƙansa da rahama. Mutum ne marar yawan magana, kuma abin da ya fi maimaita mana shi ne, wanda bai juya fatar ido ba bai duba ido ba. A ranata ta farko ya kirawo wani yaro ɗan shekara biyar da uwarsa ta kawo, ya ɗaura mini a goshi tabaran nan mai ƙara girman abu ninki 2.5, ya juya yaron ya fuskanci hasken taga. Ya ce in fara da gashin ido, in ga ko akwai wanda ya lanƙwasa ciki, sannan in dubi baƙin idon ko akwai hakiya, domin idan aka riga aka juya fata gashin ya bar mazauninsa, ba za a ƙara sanin yadda yake kwance ba. Daga nan ya sa yaron ya kalli ƙasa, ya kama gashin fatar sama da babban yatsa da manuni, ya ja ƙasa a hankali, ya danna tsakiyar fatar da tsinken ashana, sai ga ta ta kife. Yaron ko motsi bai yi ba. Ni kuwa da na gwada a ɗaya idon, sau huɗu tana kuɓuce mini, har yaron ya fashe da kuka, uwarsa ta harare ni.

Cikin fatar mai lafiya santsi gare shi, ja-ja ne mai haske, kuma ana ganin jijiyoyin jini a miƙe. A na yaron nan akwai ƙuraje fari-fari kamar tsakin gero. Majar ya ce in ƙirga, na samu takwas. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1987 ta ce idan sun kai biyar, kowane bai gaza rabin milimita ba, to amodari ne mai rai, a rubuta TF. Idan fatar ta kumbura ta yi jawur har ta ɓoye fiye da rabin jijiyoyin, TI ke nan. Idan ciwon ya yi ta dawowa shekara da shekaru yakan bar tabo, zare-zare farare, wato TS, kuma tabon nan ne yake tamke fatar yana jawo bakinta ciki har gashi ya riƙa gogar ƙwayar ido. Gashi ɗaya tak ya isa a rubuta TT, haka ma alamar an tsige shi kwanan nan. Na ƙarshe hakiya ce da ta hau kan tsakiyar gani. Ban taɓa buɗe littafi don tuna waɗannan ba, a kan fuskokin mutane na haddace su, kuma bayan kowane mutum sai na wanke hannu, in ba haka ba majar ya buge mini shi da rula.

Duk wannan na san shi sarai a shekarun da Gwaggo take zuwa wurina. Kowa a gidanmu ya san ita ta goye ni bayan rasuwar Inna, kuma tun da sunan mahaifinta aka sa mini, ba ta taɓa kama sunana ba har ta koma ga Allah. Takan tsallako gulbi daga ƙauye a kan amalanke, ta zauna a bakin ƙofar sashenmu ba ta shiga layi, ta ce, “Mai sunan Malam, yashin nan dai bai fita ba.” Ni kuma in durƙusa in gaishe ta, in shiga in ɗauko mata man tetarasakilin mai kashi 1 cikin 100, in ce, “Gwaggo, safe da dare, har mako 6.” Ta sa mini albarka ta tafi. Ban taɓa juya fatar idonta ba. Mutumin da yake kife idon yara hamsin a wuni ya kasa ɗora yatsa a fuskar matar da ta yi masa wanka, ya kasa ce mata ta kalli ƙasa. Kunya ce, kuma a lokacin ina ganin ladabi nake yi. Da majar ya san haka nake sallamar ta, da ya faɗa mini maganarsa a gaban kowa, amma ban bari sun haɗu ba.

Man kuwa ba abin da zai yi mata. Yana kashe ƙwayar cutar ne, ita kuma ta daɗe da wuce wannan mataki. Abin da take kira yashi gashinta ne yake yankar idon duk ƙiftawa. Mata su ne ciwon ya fi makantawa, domin su ne yara suke manne wa, da gefen zane ɗaya ake share wa kowa kwantsa da majina, ƙuda kuma ya tashi daga fuskar wannan ya sauka a ta wancan. Gwaggo ta raini ƴaƴanta, ta raine mu, ta raini jikoki. Ina kyautata zaton wani kaso na tabon da ke idonta daga fuskata ya fito.

Bayan shekaru, da Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar a 1998 cewa a kawar da makantar amodari, aka shigo da tsarin da muke kira CHANCE da Faransanci, wato aikin fata, da magani, da wanke fuska, da tsabtar muhalli, na zaga ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji da Agye da sandar awon tsayi a hannu muna rabon maganin azitiromaisin gwargwadon tsayin mutum, muna roƙon masu gari a haƙa salga saboda ƙudan a kan bayan gidan da aka bari a fili yake haihuwa. A kowane gari tsofaffin mata nake fara nema, har abokan aiki suna yi mini dariya. Ba su san dalili ba. Wannan dai labarin wani mako ne.

Ranar da asiri ya tonu, na je gaishe ta ne da salla ƙarama, na same ta kwance a tabarma, wata jikarta ta tanƙwashe ƙafa a kanta riƙe da ɗan hantsaki tana tsige mata gashin ido. Hantsakin a ɗaure yake da zare tare da layunta, ya yi baƙi don daɗewa a wuya. Tsigewar tana kawo sauƙi na ƴan makonni, amma gashin da ya karye a maimakon ya fita da saiwarsa ya fi na da kaifi. Na ce wa yarinyar ta matsa. A ranar na fara taɓa fuskar Gwaggo da hannun ma'aikaci. Idon hagu hakiya ta rufe tsakiyarsa, da na rufe na dama ba ta iya ƙirga yatsuna sai na matso kusan taki ɗaya, alhali wanda ya kasa ƙirgawa a mita 3 makaho muke rubuta shi. Na dama gashi biyar ne suke gogarsa, amma baƙin idon garau yake.

Ni na yi mata aikin da hannuna, duka biyun, irin na Trabut da aka koya mana. Ana yin allurar kashe zafi a fatar, a kife ta a kan ɗan farantin ƙarfe, a tsaga ta ciki a bi tsawon bakinta kamar milimita 3 daga gefe, sannan a sa zare a juyo bakin waje yadda gashin zai kalli gaba. Ido ɗaya bai fi minti 20 ba. Washegari na cire bandeji, da mako ya zagayo na cire zaren. Kafin in fara sai da na gaya mata, a gaban Yaya, cewa aikin fata ne, zai tsayar da zafi ya tsare na dama, amma ba ya ɗauke hakiyar da ta riga ta zauna. Ta ce, “Yi abinka, Mai sunan Malam.” Da idon daman nan ta ga sauran shekarunta, da shi take tsince tsakuwa a cikin wake har watan da ta kwanta.

Amma Yaya ya riƙe cewa wuƙata ce ta kashe idon hagu, kuma shekara da shekaru yana faɗa a wajen biki da wajen makoki. Ina da laifi a kan idon nan, ban taɓa musu ba, sai dai ba wanda yake ɗora mini ba ne. Laifina yana cikin kwalayen man da na yi ta miƙa mata daga bakin ƙofa, kuma wannan bai taɓa tambayata a kansa ba, don shi a ganinsa kyautatawa ce. Rajistar da na rubuta ƙarfin ganinta kafin aiki tana nan in ba gara ta ci ta ba. Ban taɓa kai masa ba, domin ƙane ba ya kafa wa wansa hujja da takarda.

Ranar Juma'ar ma ban tanka ba, na ce, “Yaya, Allah ya jiƙanta.” Ana cikin rabon goro sai wan jaririyar, ɗan shekara huɗu, ya zo ya jingina da gwiwata, ƙuda uku a gefen idonsa. Na nemi buta da sabulu na wanke hannu, na juya shi wajen haske, na ce ya kalli yatsun ƙafarsa. Babu tabarau a goshina, idona kuma ba na da ba ne, duk da haka na ƙirga shida a dama. Na gaya wa ubansa ya kai shi likita ranar Litinin tare da sauran yaran gidan da uwarsu. Yaya yana zaune yana kallo, bai ce kome ba. Yau Laraba, na aika a tambayo ko sun je, ɗan aiken bai dawo ba tukuna.