Kututturen da muke ƙonewa lokacin sharar gona

Da zarar watan Afrilu ya kama, hayaƙi ne ke tashi daga gonakin Maigatari da Babura da Sule Tankarkar, har zuwa Dambatta da Makoɗa. Sharar gona ake yi. A sassabe tohon sabara da kalgo da magarya, a tara, a cinna wuta, gona ta fito fes kamar tsakar gida. To abin da ake ƙonewar nan shi ne itacen da muke jira a kawo mana kuɗi mu dasa.

Kututturen da ke toho duk shekara saiwarsa na da rai, ta daɗe da nitsawa ta kai ga danshi. Dashen leda kuwa sai ban ruwa, sai shingen ƙaya, kuma rani ɗaya ya isa ya kashe da yawansa. Manoman Maraɗi sun fara barin toho tun wajajen 1984, aikin ya bazu zuwa Damagaram, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar. Mai shakka ya tsallaka iyaka ta Maigatari ya duba gawon da ke gonakin Magariya.

Ga yadda ake yi. A kowane kututture zaɓi toho uku zuwa biyar da suka fi ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran. Waɗanda ka bari ka rage musu rassan ƙasa zuwa rabin tsawonsu, kada ka wuce haka, don iska na karya tohon da aka bar wa ganye a ƙoƙuwa kawai. Adda ko lauje ya zama mai kaifi, kuma a yi yankan daga ƙasa zuwa sama. Sara daga sama yana tsage ɓawo, ta nan ruɓa da ƙwari ke shiga. Ɗaura jan ƙyalle a jiki domin ɗan ƙwadago da mai garmar shanu su san da gangan aka bar shi. Bayan wata uku zuwa shida ka dawo ka cire sabon tohon da ya fito. Duk shekara kana iya sare guda ɗaya na girki, har a ƙarshe ya rage ɗaya ya zama bishiya. A fara da kututture 20 zuwa 40 a hekta.

Gawo shi ne sarki a nan, domin da damina yake zubar da ganye, inuwarsa ba ta hana gero, kuma da rani dabbobi na kwanciya ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yansa suna barin kashi. Wanda ya ga ɗan gawo a gonarsa ya tuge, taki ya zubar.

Abin da ke ɓata aikin ba ya wuce awaki da masu saran dare. Mutum ɗaya ba ya iya tsare itace bayan kaka, lokacin da ake sakin dabbobi. Sai mai unguwa da dagaci da arɗon Fulani sun zauna an yi doka: wa ke da itacen, wa ke da ikon sassaƙar reshe, nawa ne tarar wanda ya sare. In ba a bar burtali a buɗe ba, dokar ba za ta kai baɗi ba.

Ramukan tassa kuwa, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwan sama, waɗanda wasu ke kira zai, a yi hattara. A fako suke aiki, inda ƙasa ta daskare ruwa na gudu a kanta: faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 15, tazarar 80, a tara ƙasar da aka haƙo ta gefen gangara, a zuba ruɓaɓɓen taki cikin tafi biyu tun da rani domin gara ta huda ƙasan ramin. Ɗanyen kashi yana ƙone shuka. A jigawa mai rairayi kuwa ramin rufewa yake da iskar farko, wahalar banza ce. Can barin kara a gona ya fi amfani, ko da rabi ne, tunda kowa ya san kara kuɗi ne yanzu.

Sai batun kuɗin. Akwai Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da aka kafa a 2015, Jigawa da Kano na cikin jihohi 11 da take aiki. Akwai shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a Disambar 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Yawanci irin waɗannan da ƙungiya suke hulɗa, don haka a yi rajista, a buɗe asusu, a riƙe littafin da ke nuna gonar kowa da yawan itacensa da ranar da aka ƙirga.

Kuɗin kabon daban ne. Kamfani ne ke biya a kan kowane tan na iskar da itace ya zuƙe ya ajiye, sai an zo an auna an tabbatar, kuma itacen yankinmu a hankali yake girma, don haka kason ƙaramar gona kaɗan ne, kuma yana daɗewa bai zo ba. Yarjejeniyar kan kai shekara 20 ko 30. Kafin kowa ya dangwala yatsa, a sa a karanta takardar da Hausa a gaban dagaci, a tambaya kashi nawa ne na manomi, ko an yarda ya sassaƙi reshe, me zai faru in fari ko gobara ta kashe itacen. Gonar aro da ta jingina da ta gadon da ba a raba ba kuwa, a fayyace wanda kuɗin zai shiga hannunsa, a rubuta a gaban shaidu.