Ƙararrawar gobara mai jin zafi: yadda take aiki da yadda muke haɗa ta

Ranar da na fara zuwa koyon wannan aiki, maigidana, Allah Ya jiƙansa, bai ba ni waya ba, bai ba ni filaya ba. Wani ɗan siririn ƙarfe ya miƙo mini wanda tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, ya kunna kyandir, ya ce in kama shi da awartaki a saman harshen wutar in zuba ido. Kafin in ƙirga goma sai ga ƙarfen nan yana lanƙwashewa a hankali, ba wanda ya taɓa shi. Da na janye shi ya huce sai ya miƙe, ya koma yadda yake. Maigida ya ce, "To yaro, ka ga sana'ar ke nan. Abin da ya rage waya ce da amana."

Sai daga baya na gane abin da na riƙe. Ƙarfe biyu ne aka manne bayan juna, tagulla a gefe ɗaya, baƙin ƙarfe a ɗaya gefen. Kowane ƙarfe yakan ƙara tsawo idan ya ji zafi, amma tagulla ta fi baƙin ƙarfe miƙewa. Tunda an haɗe su, ba mai iya barin ɗan'uwansa, dole su karkata wajen baƙin ƙarfen. Dabarar tsohuwa ce, wani maƙerin agogo ɗan Ingila mai suna John Harrison ne ya fito da ita a ƙarni na 18, don kada zafi da sanyi su riƙa ɓata wa agogon jirgin ruwa lissafi. A cikin ƙararrawar gobara kuwa, idan ƙarfen ya lanƙwashe sai bakinsa ya taɓa wani ɗan tsinken ƙarfe da ke jiransa, hanyar lantarki ta haɗu, wuta ta bi, jiniya ta ɗauka. Makunni ne kawai, sai dai zafi ne ke danna shi maimakon hannu. Tun 1890 Francis Upton, abokin aikin Thomas Edison, ya yi rajistar ƙararrawar gobara ta lantarki a Amurka, a 1902 kuma George Darby ya yi rajistar tasa mai jin zafi a Birmingham.

Ɗan farin abin nan da kuke gani manne a silin kamar an kifa ƙaramin kwano, mu kai muke ce masa. Abin da ke cikinsa iri-iri ne. Akwai mai tagwayen ƙarfen nan, wanda yanzu ake yi kamar ɗan faifai, da ya kai zafinsa sai ya juye ƙas lokaci guda. Akwai mai gamin ƙarfe da ke narkewa da wuri, wanda yake riƙe da sifirin, da ya narke sifirin ya kuɓuce ya haɗa wayoyi. Wannan sau ɗaya yake aiki, in ya tashi sai dai a canza shi. Waɗanda muka fi sakawa yanzu su ne masu tamisto, wato wani ɗan ƙwaya kamar kan ashana da za ka hango a tsakiyar kan, cikin ɗan kejinsa. Shi ba ya motsi. Yana sanyi yana tare wa lantarki hanya, yana ɗumama yana ƙara sakar masa, ƙaramar na'urar da ke ciki kuma tana auna yawan wutar da ke wucewa, daga nan take gane zafin ɗakin.

Ta fuskar lokacin da suke kuka kuma, gida biyu ne. Na farko mai tsayayyen ma'auni, ba ruwansa da komai sai zafi ya kai inda aka yanka masa, galibi digiri 57 ko 58 a ma'aunin Salshiyos. Na biyu saurin hawan zafin yake lura da shi. Idan ɗaki ya riƙa ƙaruwa da kamar digiri 7 zuwa 8 cikin minti ɗaya, zai yi ƙara ko da bai kai 57 ba, domin rana ba ta ɗumama ɗaki da irin wannan gaggawa, wuta ce ke yin haka. Tsohon samfurin wannan na biyun yana burge ni har yau. Ɗan ƙoƙon iska ne a ciki, da wata siririyar fata ta ƙarfe, da wata 'yar huda da ido da ƙyar yake ganinta. In zafi na hawa a hankali, iskar da ta kumbura takan sulale ta hudar ta fita. In ya hau da sauri, hudar ba ta iya fitar da ita, sai ta tura fatar ta haɗa wayoyi. Na zamani tamisto biyu suke da shi, ɗaya a waje yana shan iskar ɗaki, ɗaya a lulluɓe a ciki, ana kwatanta su.

A nan gwaninta take, wato sanin wane kai ya dace da wane ɗaki. Ƙa'idar Turai ta EN 54-5 ta raba su aji-aji: A1 yana tashi tsakanin digiri 54 da 65, B tsakanin 69 da 85, C tsakanin 84 da 100. Ɗakin janareto ko ƙarƙashin rufin kwano inda silin kan yi zafi da tsakar rana ba ka kai masa A1, in ka kai za ka tayar da mutane a banza har su gaji su kashe na'urar gaba ɗaya. Saman murhu a kicin ba ka sa mai lura da saurin hawa, domin buɗe ƙofar tanda kaɗai ya isa ya ruɗe shi, mai tsayayyen ma'auni ne nasa. Shi ya sa kafin mu ba kowa lissafin aiki nakan je da kaina da ma'aunin zafi, in hau tsani in auna can sama a lokacin da wurin ya fi ɗaukar zafi. Ba na yarda da abin da aka faɗa mini a waya. Kuma akwai abin da ba a cika gaya wa masu gini ba: kan yakan ɗauki lokaci kafin jikinsa ya ɗumama, saboda haka lokacin da zai kai 58, iskar da ke kewaye da shi ta riga ta wuce haka. Duk abin da ya ƙara masa wannan jinkiri, fenti ne, ƙura ce, maiƙo ne, ragin lokacin gudun mutane ne. Masu fenti sun sha shafe mana kawuna fari fat don su dace da silin, kuma duk kan da aka yi wa fenti cire shi muke yi.

Wani mai masauki ya taɓa kirana, ransa a ɓace, wai masu jin hayaƙin da ke ɗakunan baƙinsa sun cika kuka, in cire su duka in sa masa masu jin zafi tunda su ba su da hayaniya. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan kam ba zan yi ba." Katifa ko kujera takan yi ta cin wuta a ɓoye tana fitar da hayaƙi mai guba ba tare da ɗakin ya yi zafin kirki ba, mai barci kuwa hayaƙin ne ke gamawa da shi tun kafin harshen wuta ya tashi. Mai jin zafi wurinsa kicin, gareji, ɗakin janareto, wurin aiki mai ƙura ko tururi, inda mai jin hayaƙi zai riƙa ƙarya. Ɗakin kwana da hanyar fita na mai jin hayaƙi ne. Da muka duba, ashe waɗanda ke damunsa an manna su ne daf da ƙofar banɗaki, tururin wanka ke tayar da su. Matsar da su muka yi, muka share su, magana ta ƙare.

Sai waya, wadda ita ce rabin amanar da maigidana yake nufi. Kawunan duk suna komawa ga akwatin da muke kira fanel, mai aiki da bolt 24, da batir biyu masu bolt 12 a cikinsa don ranar da wuta ta ɗauke. Ƙa'idar Birtaniya ta BS 5839 ta ce batiran su iya riƙe na'urar awa 24, sannan su iya kaɗa jiniya na minti 30 a kan haka. Ana raba gini shiyya-shiyya, kowace shiyya da wayoyinta biyu da ke bi ta kai zuwa kai. A bayan kai na ƙarshe ana ɗaura wani ɗan risisto, wato ɗan abin da ke rage yawan wutar da ke wucewa, a fanel da yawa mai ma'aunin om 4,700. Ƙanƙanin abu ne, bai kai ƙwayar ashana biyu ba, amma da shi fanel ke sanin lafiyar layi. Kullum akwai 'yar wuta kaɗan da ke zagayawa ta cikinsa ta dawo. In ta dawo daidai, lafiya. In ta daina dawowa, waya ta tsinke, fanel ya kunna fitilar matsala. In ta ƙaru ƙwarai, wani kai ya haɗa, gobara ke nan.

To ga inda masu aikin ha'inci ke cutar mutane, kuma abin yana ci mini rai. An taɓa kiranmu wani babban sito mu duba haɗin da wasu suka yi shekarun baya. Fanel ɗin tsaf, koriyar fitila tana ci, mai wurin yana alfahari bai taɓa ba shi matsala ba ko sau ɗaya. Ina buɗe murfin sai na ga risistocin nan duka a murɗe a kan sukurorin fanel ɗin, nan cikin akwati. Ma'ana fanel ɗin kansa kawai yake saurare, ko layi ya tsinke ba zai sani ba. Na sa yarona ya hau cikin silin da tocila. Bai yi nisa ba ya kira ni, ya ce, "Maigida, zo ka gani." Ɓera ya cinye wayar shiyya ta biyu, bakin jan ƙarfen har ya yi tsatsa kore, alamar an daɗe. Kawuna goma sha ɗaya ne a bayan wannan yanka, duk suna rataye ba abin da ke haɗa su da jiniya, ƙarƙashinsu kuwa kwalaye ne jibge har kusa da rufi. Wanda ya yi aikin ya san abin da ya yi. Ya sa risiston a akwati ne don kada fitilar matsala ta taɓa kamawa a kira shi gyara.

Irin waɗannan su ne ake kawo mini lissafinsu a ce ga wani zai yi a rabin kuɗina. Araha ba ta ado. Na sha fasa kan jabu a gaban mai gini don ya gani da idonsa, roba ce da ɗan jan fitila mai ƙyaftawa, tamiston ma ba a jone yake da komai ba. Haka wayar. Ta gaskiya jan ƙarfe ce zalla, da rigar da ke jure wuta don jiniya ta ci gaba da kuka ko gobara ta kai ga layin. Ta jabu alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, kana kankare ta da wuƙa sai fari ya bayyana, kuma ba ta daɗewa take karyewa a bakin sukuru. Wani dillali da na daɗe ina sayen kaya a hannunsa ya taɓa cusa mini nadi uku na irinta a tsakiyar masu kyau. Tun daga ranar kowane nadi sai na yanki bakinsa na kankare kafin a sauke shi daga mota, kowane kwalin kawuna kuma sai mun gwada su ɗaya bayan ɗaya a kan teburin shago kafin su hau silin ɗin kowa.

Wajen kafawa ba ma yin ƙiyasi da ido. Kai mai jin zafi ba ya tsaron fiye da mita 5.3 daga inda yake, alhali mai jin hayaƙi yana kai mita 7.5, don haka masu jin zafi sun fi yawa a ɗaki ɗaya, kuma a nan ne masu ciniki suka fi matsa mini in rage. Ba na ragewa. Muna barin aƙalla rabin mita tsakaninsa da bango, domin iska mai zafi ba ta shiga kusurwa da wuri, da mita ɗaya tsakaninsa da bakin na'urar sanyaya ɗaki. In akwai babban ginshiƙi da ya ratsa silin ya sauko sosai, kowane ɓangare nasa kan daban. Inda kai ba zai yi ba, kamar ramin wayoyi ko doguwar hanyar bel ɗin masana'anta, akwai wata waya mai jin zafi da muke shimfiɗawa, ƙarafa biyu ne a murɗe da wata roba tsakaninsu wadda ke narkewa a digiri 68 ko 88, duk inda ta narke sai su haɗu.

Ranar miƙa aiki ita ce ranar da na fi so. Mai gini yana tsaye muke bin kawunan ɗaya bayan ɗaya da na'urar hura iska mai zafi, irin ta busar da gashi ma tana yi, ban da masu narkewa da ba a gwada su da zafi. Ba ma kusantar da ashana ko laita, harshen wuta yana ƙona robar ya lalata tamiston. Yana kallo ɗan jan fitilar zai kama, jiniya ta ɗauka, yaron da ke gaban fanel ya faɗi sunan shiyyar da ta fito. Muna auna ƙarar, desibel 65 a ko'ina cikin gini, 75 a daidai kan gadon mai barci, ƙofa a rufe. Sai mu kashe wutar gini mu sake gwadawa a kan batir kaɗai. Sannan in nuna wa mai gadi ko wanda aka wakilta yadda zai riƙa gwada maɓallin hannu ɗaya, wato wanda mutum ke dannawa in ya ga gobara, kowane mako yana rubutawa a littafi.

Wanda yake da tsohon haɗi a gininsa kuma bai san wanda ya yi ba, ba sai ya jira mu ba ma. Ya sa mai gyaransa ya hau tsani a gabansa ya murɗo kai na ƙarshe a kowace shiyya ya cire. Cikin ɗan lokaci ya kamata fanel ya fara ƙara, fitilar matsala mai ruwan ɗorawa ta kama. In an cire kan fanel ya yi shiru, koriyar fitila na ci abinta, to a buɗe akwatin a duba inda risiston yake, sannan a kira mu mu bi layin tun daga farko.