Da kuɗina na je Kenya cire ƙaya

Ranar da na gaya wa Hajiyarmu na ɗauki hutun da babu albashi daga banki, zan tafi Kenya aikin sa kai a gandun daji, sai da ta ajiye carbinta. "Yanzu kai ne za ka biya kuɗi, ka je ka yi wa namun dawa bauta? Yankari ta yi maka kaɗan ne?" Na rasa ta cewa. Shekara 11 ina ƙirga kuɗin mutane, kuma ni ɗan Bauchi ne da babu abin da ke kai shi Yankari sai wanka a Wikki.

Daga Nairobi ƙaramar bas ɗin da suke kira matatu na shiga zuwa Nanyuki, tafiyar kusan kilomita 200. Yaron mota yana jin harshena ya ce "Oga!", finafinan Najeriya sun riga ni zuwa, ya kuwa ninka min kuɗin mota. Wata tsohuwa da ke gefena ta balbale shi da faɗa har ya dawo min da canji, ta wayar salula ma kuwa, don can ko mai tumatir da M-Pesa ake biyansa. A wani shingen hanya wani jami'i ya ga koren fasfona, ya juya shi gaba da baya, ya ce me ɗan Najeriya zai yi a daji in ba sayen hauren giwa ba. Na haɗiye. Mun ɓata kusan rabin awa kafin ya wurgo min shi ta taga.

Nanyuki a kan layin da ya raba duniya biyu take, sai na ɗauka zafi zai gasa ni. Ashe tudu ne, ga Dutsen Kenya mai tsayin mita 5,199 ya tokare gabas. Sanyin asuba ya fi na Jos, alwala sai da jarumta.

Gandun da na yi aiki ƙarami ne a yankin Laikipia, kuma abin da suka caje ni na kwana da abinci ya kusa albashina na wata uku. Har yau yana min ciwo. Ranar farko ma motar aiki ta tafi ta bar ni: an ce min "saa moja", na fassara ƙarfe ɗaya, ashe a Suwahili daga fitowar rana ake fara ƙirga, ƙarfe bakwai na safe ake nufi.

Na zo da tunanin zan riƙa ba 'ya'yan giwa madara. Diga da safar hannu aka miƙa min. Akwai wata ƙaya mai faffaɗan ganye, Opuntia, 'yar asalin nahiyar Amurka, da aka kawo zamanin Turawa ta mamaye makiyaya. Giwaye da birai suna shan 'ya'yanta su baza irin a kashinsu, awaki kuwa ƙananan ƙayoyinta su cika musu baki da ido har su kasa kiwo. Ganye ɗaya ka bari a ƙasa, zai yi saiwa. Sati uku muna tonowa muna tarawa. Tafin hannuna, da bai san komai ba sai biro, ya yi kanta.

Wanda ya sa na daina ƙorafi wani dattijon mai gadin daji ne, kowa Mzee yake ce masa, wato dattijo. Makiyayi ne tun tasowarsa. Da asuba muke bin sawu a ƙafa, shi da bindiga, ni da littafin rubutu. Zai tsuguna gaban tulin kashin karkanda, ya fasa da yatsa, ya nuna min guntayen itace an datse su a karkace kamar da almakashi: wannan baƙar karkanda ce, mai cin reshe. Fara ciyawa take ci. Sunan ne kawai, duk biyun toka-toka ne. Kowace an yi mata tsaga a kunne, kamar yadda Fulaninmu ke yi wa shanu shaida, da ita ake gane wacce aka gani yau, wacce ta kwana biyu ba labari.

Abin da ya fi ɗaure min kai, shanu da zakuna a fili ɗaya suke. Da dare a kora garke cikin shingen ƙarfe da ake iya ɗagawa, bayan 'yan kwanaki a matsa gaba, inda suka bar taki ciyawa ta fito shar, jakunan dawa su bi. Na ce, "Baba, ba ku jin haushin zakin?" Ya yi dariya ya tsiyaya min shayi daga flas ɗinsa, ya ce kuɗin makarantar 'yarsa daga masu zuwa kallon zakin yake fitowa. Na tuna manoman kewayen Yankari da giwaye ke tattake wa gona, ban san me suke samu ba ban da asara.

Ranar hutu na biya kuɗin shiga gandun dajin Ol Pejeta don in ga karkanda biyu, Najin da 'yarta Fatu. Su biyu kaɗai suka rage a duniya cikin farar karkanda ta arewa. Daga wani gidan namun daji na ƙasar Cek aka kawo su a 2009, namiji na ƙarshe, Sudan, ya mutu a watan Maris na 2018. Dare da rana masu bindiga na gadinsu, saboda ƙahon da sinadarinsa ɗaya da farcen hannuna. Fatu ta matso har ina jin hucinta, tana yagar ciyawa da faffaɗan bakinta, ko kallo ban ishe ta ba. Mai yi mana bayani ya tambaye ni ko akwai sunanta a yarenmu. Na ce karkanda. Ya ce to tana ina? A nan bakina ya mutu. Baƙar karkandar yankinmu a arewacin Kamaru aka yi mata ganin ƙarshe, a 2011 aka sanar ta ƙare.

Abinci kam ba yabo ba fallasa. Ugali tuwon masara ne da aka hana miya, sai ganye a gefe. Gasasshen namansu mai kyau ne, amma babu yaji, ƙullin da na taho da shi ya sa na yi farin jini a sansani. Wata Juma'a bayan an idar da sallah a Nanyuki, wani ɗan kasuwa Basomale ya ja ni gidansa cin shinkafa da ayaba, ya rantse ba zan biya ko kuɗin babur ba.

Satin ƙarshe mun gyara wayar shinge, mun canja batiran kyamarorin da ake ɗaurawa a bishiya. Kwana biyu a Nairobi, na sayi ganyen shayi, na ƙi sayen zanen Masai saboda tsada. Da na iso gida Hajiya ta kama hannuna ta juya, ta ga kantar, ta ce a kawo man kaɗanya.