Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

A madadin mahaifiyarmu da yayyena da ƙannena, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa an sallamo Baba daga asibiti. Yana gida a Unguwar Rogo, jiki alhamdulillahi. Yana tashi zaune da kansa, yana takawa da sanda daga ɗaki zuwa zaure idan an tallafe shi. Maganar ce dai har yanzu take fitowa da ƙyar. Waɗanda suka yi ta kira ba a ɗaga ba, da waɗanda saƙonninsu ke jibge babu amsa, ku yi mana afuwa, wannan ce amsarku. Yaba kyauta tukuici, mu kuwa ba mu da wani tukuicin da ya wuce wannan.

Ga wanda labari bai iske ba, shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi a rumfarsa ta kasuwar Farin Gada, da hantsi, ana tsakiyar lissafin buhunan kabeji. Biro ya suɓuce daga hannunsa, baki ya karkace, ya yunƙura zai yi magana harshe ya ƙi.

Godiyarmu ta farko ga wata baiwar Allah ce da ko sunanta ba mu sani ba. Tumatir ta zo saya. Yaran rumfa sun ce dattijuwa ce 'yar Birom, wadda ta yi aikin jinya kafin ta yi ritaya. Jama'a sun taru, wani na cewa sanyin Jos ne ya buge shi, wani na cewa iska ce, wani har ya kawo ruwa a leda zai ɗura masa. Ita ce ta riƙe hannun mai ruwan, ta ce kada a sa masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe, a nemo mota yanzu-yanzu. Daga baya likita ya bayyana mana abin da ta hango. Haɗiya ba aikin maƙogwaro kaɗai ba ce. Jijiyoyin da ke fitowa daga gindin ƙwaƙwalwa su ke ba da umarni a rufe hanyar iska a buɗe ta abinci, duk cikin ƙiftawar ido. Idan wannan umarni ya samu tangarɗa, ruwan da aka ɗura da niyyar taimako huhu yake tafiya, sai ciwon huhu ya hau kan wanda ake ciki. Mama, duk inda kike, Allah Ya saka miki. Wanda ya san ta don Allah ya haɗa mu.

Sai direban a-kori-kura da ya sauke kayan mutane a ƙasa ya ɗauko Baba zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ya kuma ƙi karɓar ko kuɗin mai. Saurin da ya yi ba ƙaramin abu ba ne. Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ke nan, amma ita kaɗai take cinye wajen kashi 20 cikin 100 na iskar da jini ke rabawa, kuma ba ta da ajiya. Jini na yankewa daga wani sashe, cikin 'yan mintuna ƙwayoyin wurin za su fara mutuwa.

Likitoci, Allah Ya ƙara ilimi. Na fi gode wa wani matashi daga cikinsu da bai gaji da tambayoyina ba. An ɗauki hoton kan Baba kafin a fara magani, domin cutar kala biyu ce: ko gudan jini ya toshe jijiya, ko jijiyar ta fashe jini ya malala a cikin kai, kuma maganin da ke taimakon ɗaya yana iya ƙarasa mai ɗayar. Ta Baba toshewa ce. Da ya nuna mini tabon a ɓangaren hagu na hoton, sai na ce, "Likita, ai damansa ce ta mutu." Ya jawo takarda ya zana mini. Ya ce umarnin motsi daga saman ƙwaƙwalwa yake tasowa, ya gangaro, daidai inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da lakar da ke cikin ƙashin baya sai mafi yawan zaren jijiyoyin su tsallaka, na hagu su koma dama, na dama su koma hagu. Daga lakar kuma jijiyoyi ke fita biyu-biyu har sau 31, suna kai saƙo hannu da ƙafa da sauran jiki, suna kuma dawo da labarin zafi da sanyi da taɓi. Ke nan hannun Baba lafiyarsa lau, naman lafiya, ƙashin lafiya. Mai aiko masa da umarni ne ya yi shiru.

Wannan zanen ya raba gardama a gidanmu. Masu ƙaunarmu da dama sun kawo shawarar a kira wanzami ya yi ƙaho a kafaɗar, wasu sun aiko da man shafawa mai zafi. Mun san don Allah kuka yi, mun kuma gode. Amma ciwon ba a kafaɗa yake ba.

Abin da ya fi yi mana nauyi maganar ce, kuma a nan ne nake da bashin godiya mafi girma. Duk wanda ya san Baba ya san mutum ne mai baki, dillalin da ke sasanta manomin Bokkos da ɗan kasuwar Kudu cikin raha. Sai ga shi yana kallon Hajiya mahaifiyarmu, yana son kiran sunanta, leɓe na rawa, ba abin da ke fita sai "to, to". Masu zuwa dubiya suka fara magana a kansa kamar ba ya wurin: "Allah sarki, ai ba ya gane mutane." Wasu kuma su ɗaga murya kamar kurma ne. Na ga hawaye na bin gefen idonsa, na rasa yadda zan yi.

Autarmu da ke karatun likita ce ta zaunar da mu. Ta ce a wajen mafi yawan mutane, musamman masu amfani da hannun dama, sashen da ke harhaɗa magana yana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, ta gaba, maƙwabcin wanda ke juya fuska da hannun dama, shi ya sa sau da yawa suke tafiya tare. Wani likitan Faransa mai suna Paul Broca ne ya nuna wurin a 1861, bayan ya duba ƙwaƙwalwar wani majinyaci da ya shekara da shekaru ba ya iya furta komai sai "tan", alhali yana fahimtar abin da ake gaya masa. Sashen da ke fahimtar magana daban yake, yana can baya kusa da saitin kunne, kuma na Baba bai taɓu sosai ba. Ta ce mana, "Yaya, duk abin da kuke faɗa yana ji. Ku daina yi masa magana kamar yaro."

Malam limamin masallacinmu bai ji wannan bayani ba, amma shi ya fara aiki da shi. Ya shigo ya zauna a bakin gado, ya gaishe da Baba gaisuwar manya, ya ba shi labarin unguwa, wa ya aurar, wa ya dawo daga Umara, yana tsayawa yana jiran amsa ko da ta ido ce. Da zai tashi ya ɗaga hannu ya fara Fatiha. Sai muka ji muryar Baba ta bi shi, aya bayan aya, har "walad dallin", babu inda ya yi tuntuɓe. Mutumin da ya kasa cewa "ruwa". Hajiya ta fita waje da gudu, ni ma ban tsaya ba.

Da na ba likita labari bai yi mamaki ba. Ya ce sananne ne: abin da mutum ya haddace ya maimaita tun yarinta, kamar ƙirge da addu'a da waƙa, yakan tsira ko da sabuwar magana ta gagara, don ba hanya ɗaya suke bi wajen fitowa ba. Na karɓi bayaninsa, kuma bai rage mini komai daga abin da na ji a ɗakin nan ba. Malam, Allah Ya ja kwana. Tun daga ranar, da karatu ake buɗe wa Baba atisayen magana kowace safiya.

Ma'aikatan jinya, musamman na dare, su suka koya mana juya shi duk bayan awa 2 don kada fata ta yi gyambo, tunda ɓarin da ba ya ji sosai ba zai yi ƙorafin ya gaji da kwanciya ba. Masu gashin ƙashi kuma sun hana mu ɗaga shi ta hannun da ya shanye, domin naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, jan sa na iya gurɗa ta. Ɗaya daga cikinsu, da ta ga na ƙosa, ta tambaye ni yadda masu Keke suke yi idan Bauchi Road ta cushe. Na ce lungu suke bi. Ta ce to haka ƙwaƙwalwa take: ƙwayoyin da suka mutu ba za su dawo ba, amma cikin kusan biliyan 86 da take da su, na kusa da wurin suna iya koyon aikin, in dai ana maimaita motsin kullum ba fashi, kuma watannin farko su ne suka fi albarka. Shi ya sa za ku tarar da Baba yana ɗebe wake ɗaya-ɗaya daga kwano zuwa kwano. Ba wasa yake ba. Kuma idan kun ga yana cin abinci da hagu, ku kau da kai, abin yana damunsa fiye da yadda kuke zato.

Abokan sana'arsa na Farin Gada da suka yi karo-karo, suka kuma riƙe rumfar ba a rufe ba, 'yan majalisarmu, abokan makaranta na zauren WhatsApp, maƙwabta Musulmi da Kirista da suka yi ta aiko da kwanuka, kawunanmu da suka taso daga Bukuru da Bauchi, Gwaggo da ta tare a gidan ta riƙe yara: ba zan iya bin ku ɗaya-ɗaya ba, Allah Ya san ku. Hajiya kuwa, wadda ta mai da tabarmar asibiti gadonta, ba a Facebook zan gode mata ba.

Baba ya ba ni izini, da kai ya amsa, in faɗi wannan. Ya daɗe da hawan jini, kuma kamar yawancin iyayenmu yakan ajiye magani idan ya ji garau. Hawan jini ba ya sallama, a hankali yake cin bangon jijiyoyi, kuma shi ne kan gaba a abubuwan da ke jawo wannan cuta. Awo ba ya cin minti biyar a kemis. Wanda nasa ke kai 140 bisa 90 ko fiye a kai a kai, ya ga likita. Wanda kuma ya ga bakin wani ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe farat ɗaya, ya duba agogo ya riƙe lokacin, ya nufi babban asibiti ko da abin ya wuce da kansa. Likita zai tambayi ƙarfe nawa abin ya fara, don akwai allurar narkar da gudan jini, a inda ake da ita, wadda galibi ba a yin ta sai cikin awa 4 da rabi na farko.

Masu son zuwa dubiya, bayan la'asar ya fi, da safe yana atisaye. Ku shigo biyu-biyu ko uku-uku, hayaniya tana rikita shi. Ku yi masa magana shi da kansa, a hankali, ku ba shi lokaci, kada ku ƙarasa masa kalmar da yake nema sai in ya nemi taimako. Masu kawo abinci a rage gishiri da magi, kilishi da balangu kuma a ba mu mu yara, za mu isar da godiya. Keken guragun da wani bawan Allah ya ara mana ya kusa gama aikinsa, mai shi kuma ya ce a miƙa wa duk mai bukata, sai a yi mini magana ta akwatin saƙo.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya. Amin.