Abin da na koya wajen koyar da yara tarihin rubutu

Ni malamin firamare ne a yankin Sinnar a Sudan, yawancin ɗalibaina 'ya'yan Hausawa ne, a aji Larabci a gida Hausa. Da aka ba ni darasin yadda ɗan Adam ya fara ajiye labari, abin da na fara lura shi ne yaro ba ruwansa da lissafin shekaru, ka ce masa 5000 ko ka ce 500 duk ɗaya ne a wurinsa, abin da hannunsa ya taɓa shi yake riƙewa. Shi ya sa na sa suka ɗebo laka a bakin kogi, kowa ya mulmula tasa ya baje ta a tafin hannu, aka fere kara, na ce to haka mutanen Sumer a ƙasar Iraƙi ta yanzu suka yi sama da shekara 5000 da suka wuce, kuma farkon abin da suka rubuta lissafin hatsi ne da tumaki. Na ce kowa ya rubuta dabbobin gidansu amma ban yarda da harafin Larabci ko boko ba, kowa ya ƙirƙiro alamarsa.

Washegari laka ta bushe, na sa aka yi musaya. Wallahi ba wanda ya iya karanta na ɗan'uwansa, wata yarinya har ranta ya ɓaci tana cewa Malam ai wannan akuya ce na zana, wanda ya karɓi tata kuma ya dage kaza ce. Ashe alama ba ta amfanar kowa sai mutane sun haɗu sun yarda da ma'anarta, kuma akwai mai koya wa na baya.

Daga nan na kawo musu zancen tsohuwar daular Meroe, tunda a ƙasar nan take, ga kaburburan sarakunanta masu siffar dala can Bajrawiya kusa da Shandi. Mutanen suna da rubutunsu na kansu mai haruffa 23, sun sassaƙa a dutse, wani Bature ɗan Ingila mai suna Griffith ya gano sautin haruffan wajen 1911, amma har yau masana suna iya furta kalmomin ne kawai, mafi yawan ma'anar ta tafi da masu yaren. Wannan abin yana taɓa ni sosai. Dutse yana nan, mai karantawa ne babu. Kuma duk yaran nan suna zuwa makarantar allo, kullum a rubuta da tawada a wanke da yamma, ba abin da ke kwana a jikin allon amma karatun yana ƙirji. Ko lokacin da Sayyidina Abubakar ya sa Zaidu bin Sabit tattara Alƙur'ani bayan yaƙin Yamama, ai daga ɓawon reshen dabino da faifan duwatsu da ƙirazan mahaddata ya tattaro.

Takardar da aka fara yi a Sin da injin buga littafi na Gutenberg a Jamus wajen 1450, waɗannan na faɗa musu a taƙaice, suna cikin littafi.

Inda aji ya yi zafi shi ne da muka zo kanmu. Kakanninmu da yawa sun taso gabas ne bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawan Ingila a 1903, wasu tare da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wasu kuma niyyar hajji ta kawo su suka zauna. To ya ake jin labarin gida? Wasiƙar ajami a hannun matafiyi, ta yi watanni a hanya, daga baya kaset, tsohuwa ta zauna gaban rakoda ta gaida dangi ɗaya bayan ɗaya tana kuka. Yaran da suka tashi da voice na WhatsApp sun gane wannan nan take, balle sun ga yadda aka yi a Fabrairun 2024 da natwok ya ɗauke a Sudan, muka koma rubuta 'yar takarda muna ba direbobi.

Yanzu aikin gida da nake ba su shi ne kowa ya zauna da kakarsa ya tambaye ta daga wane gari suka fito, ta ina suka bi, wa ya rasu a hanya, ya rubuta da duk rubutun da ya iya. Wani yaro ya kawo min shafi biyu, Hausa zalla da haruffan Larabci, ba wanda ya taɓa koya masa ajami, kuma a ciki akwai sunan Haɗeja da Maiduguri da Abeche da Junaina a jere yadda kakarsa ta lissafa masa.